Ƙaura zuwa Columbus: Ohio tana zaunuwa, amma duba adireshin tukuna

Duk wanda kuɗin hayar New York ya ishe shi, za ka ji yana zancen Ohio. Zancen kuma da gaskiyarsa. Haya ta fi sauƙi, aiki yana samuwa, akwai masallatai, akwai inda za ka sayi naman halal da busasshen kifi da manja ba tare da ka yi tafiya mai nisa ba. Na yi wannan ƙaura da iyali daga Bronx zuwa Columbus, kuma amsata ga mai tambaya ita ce Ohio tana zaunuwa. Sai dai rabin abin da zai same ka a nan yana rataye da adireshin da ka sa hannu a kansa. Adireshin ne zai faɗi makarantar da 'ya'yanka za su shiga, harajin da za a yanka a albashinka, kuɗin inshorar motarka, da irin takardar wuta da gas da za ta zo maka a watan Janairu. Gida biyu da titi ɗaya ya raba su suna iya bambanta a duk waɗannan.

Jihar tana da mutum wajen miliyan 11.8 a ƙidayar 2020, da manyan birane uku a jere daga arewa zuwa kudu. Cleveland tana bakin tafkin Erie, gidajenta sun fi araha amma tsofaffi ne, kuma tafkin yana zubo mata dusar ƙanƙara ninki biyu na abin da Columbus take samu. Cincinnati tana bakin kogi, da ka ƙetare gada ka shiga Kentucky. Columbus tana tsakiya, ita ce hedikwatar jihar, mutanenta sun haura 905,000 a 2020, kuma ita ce take ƙaruwa. Bayan Minneapolis, babu birnin da ya kai ta yawan Somaliyawa a Amurka. Su suka share fagen masallatai da mahauta da shaguna, sannan mutanen Ghana, Senegal, Murtaniya, Gini da Najeriya suka samu wurin a shirye. Hausar da za ka fi ji a nan ta 'yan zangon Ghana ce.

Abu na farko da ya kamata ka riƙe kafin ka ɗaure kaya shi ne takardar ɗaukar aiki, don mai gida ita zai fara tambaya. Ayyukan da baƙo yake samu da wuri suna manyan rumbunan kaya da suke kewaye da birnin, wajen Groveport da Obetz da filin jirgin kaya na Rickenbacker a kudu, Etna a gabas, West Jefferson a yamma. Sai aikin kula da tsofaffi, wanda horonsa awa 75 ne kafin jarrabawar jiha, sai tuƙin babbar mota, sai masana'antar Honda da take Marysville da ƙananan kamfanonin da suke yi mata kayan haɗi. Mai takardar karatu yana duba asibitocin OhioHealth da na Jami'ar Ohio State, da kamfanin inshora na Nationwide, da bankin Chase, da kamfanin rarraba magunguna na Cardinal Health. Kada ka taso saboda labarin Intel, kamfanin ƙera kayan cikin kwamfuta. An sanar da ginin masana'antarta a gundumar Licking a Janairun 2022, aka yi ta ɗaga ranar buɗewa har ta kai 2030 ko bayanta. Mutane sun sayi filaye, haya ta tashi, aikin bai zo ba tukuna.

Ga lissafin da nake yi wa duk wanda ya kira ni. A ce an ba ka dala 19 a awa, awa 40 a mako. Ka tashi da 39,520 a shekara, wato kusan 3,290 a wata kafin a yanki komai. Yawancin masu gidaje a nan suna son albashinka na wata ya ninka kuɗin haya sau uku, saboda haka da wannan albashin gidan da za a ba ka bai wuce na 1,100 ba. Idan kana son mai ɗakin kwana biyu a unguwa mai dama-dama, sai dai a haɗa da albashin uwargida ko ka kawo wanda zai tsaya maka. Daga cikin albashin, gwamnatin tarayya za ta ɗebi kashi 7.65 na fansho da lafiyar tsufa, ban da nata harajin. Na jiha ba shi da nauyi: wanda kuɗin shigarsa bai wuce dala 26,050 ba ba ya biyan komai, kuma abin da za ka biya a shekara ba zai kai 700 ba. Wanda yake ba baƙi mamaki shi ne na birni. Columbus tana yankar kashi 2.5 tun daga dalar farko, babu rangwamen iyali, babu na 'ya'ya. A wannan albashin, dala 988 ke nan, ya fi na jihar.

Harajin birni yana da ƙulli, kuma a nan mutane suke shiga bashi ba su sani ba. Ana yankar maka na garin da kake aiki, sannan garin da kake kwana shi ma yana da nasa. Columbus tana yafe maka duk abin da ka riga ka biya a garin aiki har zuwa kashi 2.5, amma wasu ƙananan garuruwan rabi kawai suke yafewa. Idan kuma wurin aikinka yana ƙauyen da ba ya karɓar haraji, kamfanin yana iya ƙin yanke komai, sai garin da kake zaune ya biyo ka da cikakken kuɗinsa da tara a bayan 15 ga Afrilu. Garuruwa da yawa na kewayen birnin sun ba wata hukuma mai suna RITA aikin karɓa, kuma suna son ka cike takarda kowace shekara ko da ba a bin ka sisi. Wasiƙar RITA ba ta zubarwa ba ce. Bayan wannan akwai haraji na uku, na makarantu, a wasu yankunan kawai. Wanda yake yankin makarantun Columbus ba ya biya, na Reynoldsburg yana biyan rabin kashi ɗaya, na Pickerington kashi ɗaya. Idan ba ka rubuta lambar yankinka a fom ɗin IT 4 da ake ba ka ranar fara aiki ba, ba za a yanka ba, zai taru yana jiranka. Ma'aikatar harajin jiha tana da shafi a intanet mai suna The Finder. Ka zuba adireshin gidan kafin ka biya ko kuɗin fom, zai nuna maka garin, da yankin makaranta, da kason kowane haraji. Minti biyu ne.

Wannan binciken yana da wani amfani. Sunan garin da yake jikin ambulan ba shi ne yake nuna makaranta ba. Akwai gidajen da adireshinsu yake cewa Columbus amma yaransu suna zuwa makarantun Westerville ko Hilliard ko Worthington, akwai kuma masu adireshin Westerville ko Dublin da suke cikin birnin Columbus. Iyakokin sun sarƙe tun lokacin da birnin yake haɗiye filayen kewaye. Dillali zai ce maka "ai nan Westerville ne", ka ce masa to, sannan ka je ka duba da kanka.

Yawancin mutanenmu suna fara sauka a arewa maso gabas, unguwar Northland, tsakanin Morse Road da titin 161 da Cleveland Avenue. Nan ne shagunan Afirka suke, nan babban kantin Saraga yake, kuma motar bas ta CMAX tana bin Cleveland Avenue har cikin gari. Wasu suna yamma, inda masallacin Abubakar Asiddiq yake. Waɗanda ƙafarsu ta kafu suna matsawa Reynoldsburg, Canal Winchester, Gahanna, ko Hilliard da Dublin kusa da masallacin Noor. Tsaro a Columbus layi-layi ne. Ka je gidan da rana, ka koma da ƙarfe goma na dare, ka duba fitilun wurin ajiye motoci, ka duba ƙasa ko akwai ɓarɓashin gilashin mota, ka leƙa wurin zuba shara. Ka tsayar da wani mazaunin ginin ka tambaye shi kwana nawa ake yi kafin a zo gyara idan hita ta mutu, da ko akwai kuɗin cizo. Gani ya kori ji, hotunan intanet duk iri ɗaya ne.

Kowane babba da zai zauna a gidan sai ya cike fom ya biya kuɗinsa, kuma ba a mayarwa. Za su duba tarihin bashinka, da ko an taɓa kai ka kotu kan haya. Saboda haka ka tambayi sharuɗɗansu a rubuce tun kafin ka biya. Dokar Ohio ba ta ƙayyade kuɗin ajiya ba, ba ta kuma ƙayyade ƙarin haya ba, mai gida yana iya ƙara abin da ya ga dama idan yarjejeniya ta ƙare. Abin da dokar ta ba ka shi ne wannan: idan ka tashi, dole a mayar maka da kuɗin ajiyarka cikin kwana 30 tare da bayanin duk abin da aka cire, amma sai ka ba su sabon adireshinka a rubuce. Wanda bai bayar ba ya zubar da damar neman ninki biyu a kotu. Ranar shiga ka ɗauki bidiyon kowane bango da kafet da cikin firji da murhu, ka tura wa ofishinsu ta imel don ranar ta zauna.

Kuskuren da ya fi cin baƙi shi ne riƙe kuɗin haya saboda an ƙi yin gyara. A nan ba a yin haka. Ka rubuta wa mai gida, ka ba shi lokaci wanda bai wuce kwana 30 ba, idan bai gyara ba sai ka kai kuɗin hayar wurin akawun kotun birni ya ajiye, kuma sharaɗin shi ne ba a bin ka bashin ko wata ɗaya. Idan ka riƙe kuɗin a aljihunka, takardar kwana uku kawai zai liƙa maka a ƙofa ya shigar da ƙara. Ko da kun sasanta daga baya, sunanka ya shiga kundin kotu, kuma mai gida na gaba zai gani.

Sai mota. Columbus ba ta da jirgin ƙasa na fasinja ko ɗaya, na cikin gari ko na fita. Bas ɗin COTA dala 2 ne, yana da amfani idan gidanka da aikinka suna kan babban layi guda, amma rumbunan kaya suna bayan gari kuma aikin asuba ko na dare ba ya jiran bas. Wanda ya saba da jirgin ƙarƙashin ƙasa na New York ya sa a ransa cewa wani ɓangare na rarar haya mota ce za ta cinye shi: kuɗinta, inshora, mai, taya. Gidan da miji da mata suke aiki, mota biyu ce.

Doka ta ba sabon mazauni kwana 30 ya sauya lasisi da takardun mota, kuma akwai jerin da ake bi. Ka fara yin inshorar Ohio a kan sabon adireshi. Mafi ƙarancin da doka ta yarda shi ne dala 25,000 na raunin mutum ɗaya, 50,000 na hatsari guda, 25,000 na dukiya, amma wannan na ƙarshen ba ya sayen sabuwar mota a yau, gara ka ƙara. Sannan ka kai motar ofishin rajista na BMV, hukumar motoci ta jiha, a duba lambar jikinta a ba ka takardar shaida. Da wannan takardar da takardar mallakar motar ta tsohuwar jiharka za ka je ofishin takardun mallaka na akawun kotun gunduma, wanda ofishi ne daban ko da suna gini ɗaya. Sai an ba ka ta Ohio sannan ka koma BMV ka karɓi lamba. Lamba ɗaya ake sawa, ta baya, tun 2020. Idan bashin banki yana kan motar, takardar mallakar tana hannunsu, kuma aiko ta yana ɗaukar makonni, don haka ka fara da wannan. Gundumar Franklin, inda Columbus take, ba ta gwajin hayaƙin mota, na gundumomi bakwai ne a kewayen Cleveland da Akron. Rajista tana ƙarewa ranar haihuwarka, kuma mai mota mai haɗa mai da batir yana biyan ƙarin dala 100 duk shekara. Wanda ya taso daga New York ya kiyaye abu ɗaya: ka mayar musu da lambarsu kafin ka soke inshorarsu. Idan ka juya jerin, za su dakatar da rajistarka, daga baya har lasisin.

Mai lasisin wata jiha, idan lasisin bai mutu ba, gwajin ido kawai zai yi, ya kawo shaidar zama a ƙasa da takardu biyu masu ɗauke da adireshin Ohio. Wanda zai fara daga tushe zai amsa tambaya 40, ya ci kashi 75, sannan gwajin hanya. Ohio tana da nata gwaji na musamman da yake kayar da tsofaffin direbobi. Ana jera sanduna huɗu a fili mai faɗin ƙafa 9 da tsawon ƙafa 20, da na biyar a gaba a tsakiya. Za ka ratsa tsakaninsu ka kauce wa na gaban ta hagu ko dama, yadda mai gwajin ya ce, ka tsaya, sannan ka dawo da baya ta hanyar da ka bi. Ka ture sanda ɗaya, ka faɗi nan take. Mutane suna sayen robobin lemu biyar su je filin ajiye motoci ranar Lahadi su yi ta maimaitawa, kuma haka ya kamata.

Idan za ka sayi mota a nan, ka durƙusa ka leƙa ƙarƙashinta da tocila. Gishirin da ake watsawa a titi lokacin sanyi yana cin ƙarfe, mota tana sheƙi a sama alhali bututun birki da ƙashin bayanta sun zama ɓawo. Ka kuma tambayi kamfanin inshora farashi kafin ka biya, musamman Kia da Hyundai masu makullin murɗawa na shekarun 2011 zuwa 2021, waɗanda aka yi ta sacewa a birnin. Daga Oktoba zuwa Disamba barewa suna faɗo wa titi da magariba da asuba, kuma inshora mafi ƙaranci ba ta biyan wannan ɓarnar.

Sanyin Columbus bai kai na Minnesota ba, amma ya isa. A Janairu dare yakan sauka wajen digiri 6 ƙasa da sifiri a ma'aunin Salshiyas, dusar ƙanƙarar shekara wajen santimita 70 ce, takan zuba ta narke ta sake zuba. Wani lokaci kuma iska mai tsanani takan gangaro daga arewa, kamar ta Disambar 2022 da ta kai ƙasa da digiri 20 ƙarƙashin sifiri ta farfasa bututun ruwa a gidaje. Abin da ya fi sanyin damun mutum shi ne rashin rana. Daga Nuwamba zuwa Maris sama takan yi toka-toka kamar hazon hunturu a Kano, sai dai babu ƙura, kuma a Disamba rana tana faɗuwa jim kaɗan bayan ƙarfe biyar. A Yuni abin ya juye, magariba sai bayan tara na dare, isha'i wajen goma da rabi, asuba huɗu da 'yan mintuna. Mai aikin safe ya san da wannan.

Kafin ka sa hannu, ka tambayi da me ake ɗumama gidan. Hitar gas ta fi ta lantarki mai bin gindin bango sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba, kuma tsohon gini mai taga falle ɗaya yana iya mayar da arahar hayarsa tsada a wata uku. Araha ba ta ado. Ka tambaya kuma wa zai aiko maka da takardar wuta. Idan AEP Ohio da Columbia Gas ne kai tsaye, kana ƙarƙashin kariyar PUCO, hukumar jiha mai sa ido kan kamfanonin wuta da gas. Mai ƙaramin ƙarfi yana iya shiga shirin PIPP Plus, ya riƙa biyan kashi 5 na kuɗin shigarsa ga gas, kashi 5 ga lantarki, akwai kuma tallafin HEAP na kuɗin ɗumama gida, da dokar hunturu da take ba ka damar biyan dala 175 a hana yanke maka wuta ko a mayar da ita, sau ɗaya tsakanin Oktoba da Afrilu. Amma wasu manyan gine-ginen haya suna sayen wuta a dunƙule su sayar wa 'yan haya ta hannun wani kamfani na tsakiya, kuma wanda yake irin wannan ginin ba ya shiga PIPP. Masu ƙwanƙwasa ƙofa su ce a nuna musu takardar wuta don a rage maka kuɗi, kada ka ba su lambar asusunka. Farashin watannin farko ne mai daɗi, daga baya ya haura.

Idan za ka yi tafiya a hunturu kada ka kashe hita, ka bar ta a kan 55 na ma'aunin Faranhait da yake jikinta. Daren da sanyi ya tsananta ka bar famfo yana ɗiga, ka buɗe ƙofar kabad ɗin ƙarƙashin wurin wanke-wanke don ɗumi ya kai ga bututu. Sai maganar da ta shafe mu kai tsaye. Gidajen nan a toshe suke ruf, iska ba ta shiga. Kasko da gawayi a ɗaki, ko kunna murhun gas don jin ɗumi, ko janareta a gareji, duk suna tara iskar da ba ta da wari kuma tana kisa cikin barci. Turaren wuta kuma yana tayar da na'urar hayaƙi, sai ka ga an cire batirinta an ajiye a kan firji an manta. Uwargida ta samu kaskon lantarki, a buɗe taga kaɗan, a bar na'urar a wurinta. A mota ka ajiye abin kankare gilashi, da bargo, da ruwan wanke gilashi wanda ba ya daskarewa. Batirin da ya haura shekara huɗu, a safiyar da ta fi sanyi yake mutuwa. Gada tana daskarewa kafin titi. Idan ƙanƙara ta yi yawa, shugaban 'yan sandan gunduma yana shelar mataki na 1, na 2 ko na 3, kuma a na 3 an rufe hanya, ana iya kama wanda ya fito ba da larura ba.

Ranar Laraba da ƙarfe 12 na rana za ka ji jiniya ta karaɗe gari. Gwaji ne. Idan ka ji ta a wani lokacin daban, guguwa ce mai juyawa, ka sauka ɗakin ƙarƙashin ƙasa ko ka shiga banɗakin da ba shi da taga a hawan ƙasa. Ba wasa ba ne a jihar nan: ta ragargaza garin Xenia a 1974, ta yi ɓarna a Dayton a Mayun 2019.

Sa yara a makaranta ba shi da wahala idan takardu sun cika: ta haihuwa, katin rigakafi, yarjejeniyar haya da sunanka, da sakamakon tsohuwar makaranta. Wanda katinsa na Faransanci ne, kamar 'yan'uwa na Nijar, ya sa a fassara tun kafin ya je. Kada ka ari adireshin aboki don yaro ya shiga yanki mai kyau, suna bincike kuma suna neman a biya su. Tun 2023 kusan kowane iyali yana iya neman tallafin EdChoice na makarantar kuɗi, wanda cikakkensa ya kai dala 6,166 zuwa aji takwas da 8,408 a sakandare, kuma makarantun Islamiyya masu rajista suna cikin masu karɓa. Ana shari'a a kan shirin, don haka kada ka gina duk lissafinka a kansa. Abin da iyaye da yawa ba su sani ba shi ne College Credit Plus, inda yaro daga aji bakwai zuwa sha biyu yake ɗaukar darussan jami'a kyauta. Yaro mai ƙwazo yana iya rage shekara guda ta kuɗin jami'a da shi.

Inda Ohio ta gaza New York ƙarara shi ne nisa da gida. Filin jirgin John Glenn ba shi da jirgi kai tsaye zuwa Afirka, sai ka bi ta New York ko Washington ko Atlanta, kuma tikitin iyali yana jin wannan ƙarin. Sabunta fasfon Najeriya yana nufin tafiya ɗaya daga cikin waɗannan biranen uku, na Nijar Washington. Zuwa Bronx a mota awa tara ce. Suna da biki da ta'aziyya da ka saba halarta duk mako za su ragu ƙwarai, kuma matar da take zaune a gida ba ta tuƙi ita ce take fi shan wahalar shekarar farko. A ganina lasisinta yana gaba da sabon kujerun falo. Wanda ba shi da izinin aiki, ko yake rayuwa da kasuwancin da ya dogara da cunkoson masu tafiya a ƙasa, zamansa a inda yake ya fi masa. Ƙananan garuruwa kuma a yi musu karatun ta-natsu. Abin da ya faru da mutanen Haiti a Springfield a Satumbar 2024, inda jita-jitar ƙarya ta jawo barazanar bam har aka rufe makarantu, ya nuna yadda baƙo yake zama abin nuni a gari ƙarami.

Mai iyali da aiki tsayayye kuwa, babban abin da ya kawo shi shi ne sayen gida, kuma a nan yana yiwuwa. Ka yi haya shekara guda tukuna ka san gari. Idan ka tashi saye, kada ka tsaya a kan farashi, ka buɗe shafin mai ƙiyasin kadarori na gundumar Franklin ka ga harajin gidan, don harajin kadara a nan yana da nauyi kuma yana hawa duk lokacin da aka kaɗa ƙuri'ar ƙarin kuɗin makarantu. A sabon ƙiyasin 2023 darajar gidaje ta tashi da wajen kashi 40, kuɗin wata na mutane da yawa ya ƙaru ba tare da bashinsu ya canza ba. Sabon gini mai rangwamen haraji, ka tambayi shekarar da rangwamen zai ƙare. Ka biya mai duba gida ya gwada iskar radon mai cutar da huhu, wadda ƙasar tsakiyar Ohio take fitarwa da yawa, idan ta kai 4 a ma'auninsu sai an sa fanka mai zuƙe ta. A zura kyamara cikin bututun bahaya idan gidan tsoho ne, saboda saiwar bishiya. A ɗakin ƙasa ka duba gindin bango ko akwai farin gishiri-gishiri ko sabon fenti a ƙasa kawai, alamar ruwa yana shiga ke nan, ka kuma zuba bokitin ruwa a ramin famfon tsotsa ka ga ko zai tashi. Mai gudun riba, akwai kamfanonin da suke sayen gida ta hanyar musharaka kuma suna aiki a jihar.

Ohio tana cikin 'yan jihohin da har yanzu doka take ba miji ko mata haƙƙi a gidan da ɗayansu ya mallaka, ko da sunansa ba ya jikin takarda. Saboda haka ranar sa hannu a bashin gida, ko ranar sayarwa, za a nemi sa hannun matarka. Idan tana Kano ko Yamai ko Kumasi, ka gaya wa kamfanin da yake haɗa takardun tun ranar farko, su tsara takardar wakilci irin wadda za su karɓa, ita kuma ta nemi ranar zuwa ofishin jakadancin Amurka a buga mata hatimi, a aiko da ainihin takardar kafin ranar rufe ciniki.